Timanfaya: abin da tikitin Duwatsun Wuta ke nuna maka, da abin da ba ya faɗa game da aman wuta na gaba

Gandun Timanfaya, a yammacin tsibirin Lanzarote, ɗaya daga tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, wuri ne da mutum zai biya kuɗi ya ga ƙasar da aman wuta ya ƙera, kuma ba zai yi da-na-sanin kuɗinsa ba. Sai dai tsarin ziyarar da ake sayarwa a can, wato tikitin Montañas del Fuego (Duwatsun Wuta), ya fi ƙarfi wajen burge ido a kan ilimantarwa. Baƙo zai shafe awa biyu, a zuba masa tsakuwa mai zafi a tafin hannu, ya ga ruwa ya yi tsiri sama, ya ci kazar da zafin ƙasa ya gasa, amma ya fito bai samu amsar tambayar da kowa ke yi ba: wurin nan zai sake amai kuwa? Wasu kan tafi da tsoron cewa yau ko gobe zai fashe, wasu kuma su tafi da tabbacin cewa ya mutu murus. Duka biyun ba daidai ba ne, kuma in an tsara ranar yadda ya kamata ana iya kauce musu.

Da farko a san abin da aka zo kallo. A daren 1 ga Satumba 1730 ƙasa ta tsage kusa da ƙauyen Chimanfaya. Limamin cocin garin Yaiza, Andrés Lorenzo Curbelo, ya rubuta abin da ya gani: tudu ya taso cikin dare ɗaya, wuta ta yi kwana 19 tana ci, dabbobi suka mutu a gonaki saboda iska mai guba, daga baya matattun kifaye suka cika gaɓar teku. Ba a samu sauƙi ba sai a watan Afrilu 1736, kusan shekara shida ke nan. Tsagar ta kai tsawon kilomita 14, bakuna sama da 30 suka buɗe a kanta ɗaya bayan ɗaya, narkakken dutse da toka suka rufe kimanin murabba'in kilomita 200, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsibirin. Ƙauyuka irin su Santa Catalina, Maretas, Tingafa da Mazo suna ƙarƙashin wannan baƙin dutse har yau, tare da gonakin hatsi mafi albarka da tsibirin yake da su a lokacin. A 1824 an sake yin wani aman, ƙarami, na wata uku, a wurare uku: Tao, Nuevo del Fuego da Tinguatón. Tun daga nan shiru. An mai da tsakiyar yankin gandun ƙasa a 1974, faɗinsa murabba'in kilomita 51.

Abin da ya sa wurin ya fi takwarorinsa kyan gani shi ne fari. Ruwan saman da ke sauka a Lanzarote bai cika kai milimita 150 a shekara ba, saboda haka zaizaya ba ta ci ƙasar ba, ciyawa ba ta rufe ta ba. Kusan shekara 300 sun wuce amma igiyoyin da narkakken dutse ya nannaɗa yana sanyi suna nan yadda suke. Gansakuka ce kawai ta fara kama duwatsun, fara-fara da ruwan toka, musamman a gefen da ke fuskantar iskar arewa maso gabas mai ɗauke da laima.

Shiga da jerin gwano

Hanyar LZ-67 da ta haɗa Yaiza da Mancha Blanca ita ce ke bi ta ƙofar gandun. Motar haya ta gari ba ta zuwa, ba a kuma shiga da ƙafa. Ko dai mutum ya zo da motar da ya yi haya, ko tasi, ko ya bi babbar motar kamfanin yawon buɗe ido. Cibiyoyin fasaha da yawon buɗe ido na hukumar tsibirin ne ke gudanar da hidimar, kuma tikiti ɗaya ya ƙunshi ajiye mota, kallon gwaje-gwajen zafi da zagayen bas. Abinci da hawan raƙumi daban ake biya.

Babbar matsalar ita ce layi, kuma dalilinsa a fili yake. Filin ajiye motoci yana kan tudun Islote de Hilario, ƙarami ne, ba kuma za a faɗaɗa shi ba tare da an farfasa dutsen da ake ƙoƙarin karewa ba. Da zarar ya cika, sai wata mota ta fita kafin wata ta shiga. Daga hantsi zuwa azahar, musamman lokacin bazara da hutun Ista, layin kan miƙe a gefen titi, babu inuwa, babu ban-ɗaki, mutum na iya zama awa guda ko fiye a cikin mota. Maganinsa a iso kafin a buɗe ƙofa, ko a zo a sa'ar ƙarshe kafin a daina karɓar baƙi. A sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar, a kuma duba lokutan buɗewa a shafinsu, domin suna sauyawa. Manyan motocin kamfanoni ba sa bin wannan layi, kuma su da kansu suke yin zagayen, amma wanda ya bi su ya sayar da lokacinsa: minti kaɗan a nan, minti kaɗan a can, a kora shi gaba.

Gwaje-gwajen zafi

A nan ne hidimar ta fi armashi, a nan ne kuma ta fi rikita mutane. Ma'aikaci zai sa shebur ya kwashe saman ƙasa kaɗan, ya ɗebo jan tsakuwa ya zuzzuba wa baƙi a hannu. Ba mai iya riƙe ta fiye da daƙiƙa biyu ko uku, sai a ga kowa yana jujjuya ta daga wannan hannu zuwa wancan. Sai a matsa bakin wani rami mai zurfin mita biyu ko makamancin haka, ya cusa busasshiyar ƙaya da cokali mai dogon hannu, ya danna ta jikin bangon ramin. Hayaƙi ne zai fara fitowa, kafin minti ɗaya ta kama da wuta bal-bal, ba ashana ba fetur. Na uku, akwai bututun ƙarfe da aka kafa a ƙasa, zurfinsu kimanin mita 10. Zai fara tsiyaya ruwa kaɗan, sannan ya juye bokiti gaba ɗaya ya ja da baya. Cikin daƙiƙa biyu zuwa uku tururi ya yi ƙara ya harba sama. Mai son hoto ya tsaya ta inda iska ke fitowa, ya kuma fara ɗaukar bidiyo tun kafin a juye bokitin, in ba haka ba abin zai wuce yana neman maɓalli.

Alƙaluman wurin sun tabbata: a saman ƙasa ana samun digiri 100 zuwa sama a ma'aunin Salshiyas, a zurfin mita 13 kuma ana samun kimanin digiri 600. Abin da ba a cika tsayawa a bayyana wa baƙi ba shi ne ma'anar wannan zafi. Saura ne. Wani ɓangare na narkakken dutsen da ya taso a ƙarni na 18 bai fito waje ba, ya maƙale a zurfin 'yan kilomitoci yana hucewa sannu a hankali, domin dutse ba ya sakin zafi da wuri. Iska na shiga ta tsagogi da ramukan tsakuwa, ta yi zafi a ƙasa, ta taso ta wasu tsagogin. Shi ya sa zafin yake a ƙananan filaye kawai, kan layin tsaga. Mutum zai iya tsayawa inda ƙasa ke ƙona takalmi, ya yi taku ashirin ya tarar da ita da sanyinta. Busasshen zafi ne, babu tururin da ke fitowa da kansa, kuma ruwan da ke harbawa sama na bokiti ne. Kamar garwashin da toka ta rufe bayan an sauke tukunya yake: yana gaya maka an yi wuta a nan, ba ya gaya maka yaushe za a sake hura wata.

Duk da haka gwajin bokitin yana ɗauke da darasi na gaske, in da za a faɗe shi. Ruwa idan ya zama tururi yakan kumbura kusan ninki 1,700, kuma idan ba shi da wurin zuwa sai ya fasa abin da ya tsare shi. Narkakken dutsen Lanzarote irin baƙin dutsen da ake kira basalt ne, ruwa-ruwa yake, yana malala, mutum mai lafiya yakan iya tsere masa da ƙafa. Amma idan ya haɗu da ruwan teku ko ruwan ƙarƙashin ƙasa sai al'amarin ya koma fashewa mai watsa duwatsu da toka. Rabin ramin El Golfo da ke bakin teku, mai koren tafki, haka aka yi ya samu. A 1824 ma Tinguatón ya riƙa feso ruwan gishiri mai zafi. A tsibiri ƙarami da teku ya kewaye, wannan yana cikin haɗarin da masana suka fi sa wa ido, kuma abin takaici ne a ce an nuna shi a gaban ɗaruruwan mutane kullum ba tare da jimla biyu na bayani ba.

Zagayen bas

Ruta de los Volcanes titi ne siriri mai tsawon kilomita 14, mai hannu ɗaya, wanda aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1960 ƙarƙashin kulawar masu fasahar zane César Manrique da Jesús Soto. An yi shi da launin ƙasar, ba shi da shinge mai ƙyalli, daga nesa da ƙyar ake gane akwai titi. Zagayen kan ɗauki minti 35 zuwa 40. Aikin ya yi kyau ƙwarai, kuma direbobin sun san hannunsu, domin akwai kwanonin da tayar bas ke wucewa dab da bakin rami.

Abubuwa huɗu ne ya kamata a buɗe ido a kansu. Manto de la Virgen ɗan ƙaramin bututu ne da iskar gas ta gina yayin da take tofo ɓarɓashin narkakken dutse, bakinsa ja wur. Barranco del Fuego kuwa hanyar da narkakken dutse ya bi ce. Samanta ya daskare ya zama rufi, cikin ya ci gaba da gudu har ya tsiyaye, daga baya rufin ya rufta, yanzu bas ta cikinsa take wucewa, kuma a jikin bangon ana ganin ɗigon dutse da ya sandare yana zuba. Daga Montaña Rajada ana hango tekun baƙin dutse har zuwa gaɓar Atlantika. Sai Valle de la Tranquilidad, kwarin da tsakuwa mai laushi ta lulluɓe, ja da baƙi da ruwan ƙasa, launukan da ƙarfen cikin dutsen ya bayar bayan ya yi tsatsa da zafi. Mai lura zai ga tudun nan ba a warwatse suke ba, a jere suke kan layi ɗaya daga gabas maso arewa zuwa yamma maso kudu. Wannan layin shi ne tsagar, kuma shi ne abu mafi muhimmanci a duk zagayen.

Illolinsa: ba a sauka daga bas ko sau ɗaya, tagogi ba sa buɗuwa, saboda haka hoto yakan fito da inuwar gilashi. A manna bakin kyamara jikin gilashin, a sa tufafi mai duhu, a kashe filasha. Kujerun gefen dama sun fi samun ramukan. Bayanin da ake saki a lasifika da Sifaniyanci, Ingilishi da Jamusanci ne, ɗaya bayan ɗaya, a haɗe da kiɗa, don haka sau da yawa kafin a zo kan harshen da mutum ke ji, bas ta wuce abin da ake magana a kai. Bayanin ya fi karkata ga labarin limamin Yaiza, bai ce komai sosai game da gobe ba. Wanda mota ke juya wa ciki ya zauna gaba.

Hana sauka kuwa muna goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Sawun ƙafa ɗaya a kan wannan tsakuwa yakan daɗe shekaru bai goge ba, gansakukar da aka taka kuma ba ta dawowa da wuri. Baƙi na zuwa da dubu ɗaruruwa a shekara. Da an bar kowa ya yi yawo, da tuni babu abin kallo. Ɗaukar dutse ko tsakuwa daga gandun laifi ne a doka.

Gidan abincin El Diablo, wanda aka buɗe a 1970, ginin Manrique ne, zagayayye, da gilashi ta ko'ina. Murhunsa rijiya ce da aka ɗora wa ragar ƙarfe, iska mai zafi na tasowa daga ƙasa tana gasa kaza da kifi da sauran nama a hankali. Kowa na iya leƙa rijiyar ko bai sayi komai ba, kuma ya cancanci a leƙa. Abincin kansa matsakaici ne, kuɗin wurin zama da kallo ake biya. Da yake babu itace babu gawayi, naman ba shi da ƙamshin hayaƙi. Mai kiyaye irin naman da yake ci ya yi tambaya kafin ya sa a kawo masa, domin raga ɗaya ce. Hawan raƙumi a Echadero de los Camellos, kimanin minti 20 a gefen tudu, mutum biyu kan kujerun katako hagu da dama, yara na jin daɗinsa, amma ba ya ƙara wa mutum fahimtar komai game da dutsen.

To, zai sake amai?

I, Lanzarote za ta sake ganin aman wuta. Tsibirin da ya yi amai sau biyu cikin shekara 300 da suka wuce, a lissafin ilimin ƙasa yana raye. Amma ba daga tudun da baƙo ya ɗauki hoto zai fito ba. Tudun Timanfaya irin waɗanda suke amai sau ɗaya ne a rayuwarsu. Hanyar da narkakken dutse ya bi ya fito takan toshe da daskararren dutse wanda ya fi ƙasar gefensa tauri, saboda haka na gaba idan ya taso sai ya tsaga sabon wuri. Aman 1824 ya nuna haka: bakin Tao ya buɗe ne can wajen tsakiyar tsibirin, nesa da tudun 1730, amma a kan ci gaban layin da tsagar ta bi. Ke nan abin dubawa shi ne dogon zirin da ya ratsa tsibirin, wanda yanzu akwai ƙauyuka da gonakin inabi da tituna a kansa da gefensa.

Idan aka kwatanta da sauran tsibiran Kanari, Lanzarote ba ita ce kan gaba a haɗari ba. Tsibiran gabas sun fi tsufa, duwatsun Lanzarote mafi daɗewa sun kai shekara miliyan 15, yayin da El Hierro da ke can yamma bai wuce miliyan ɗaya da ɗoriya ba. Ƙarfin yana yamma. La Palma kaɗai ta yi amai a 1585, 1646, 1677, 1712, 1949, 1971 da 2021. Tenerife ta yi a 1704 zuwa 1706, da 1798, da 1909. El Hierro ta yi a ƙarƙashin teku daga Oktoba 2011 zuwa Maris 2012. Abin da ya bambanta Lanzarote shi ne ba ta yawan yi, amma na 1730 ya fi duk sauran na tarihin tsibiran tsawo da faɗi nesa ba kusa ba. Babu wanda zai iya ba da shekara, kuma duk jagoran yawon da ya ce "lokacinsa ya yi" ko "sai bayan shekara kaza" ba da ilimi yake magana ba. Aukuwa biyu ba sa isa a fitar da zango.

Abin da ake iya yi, kuma ake yi, shi ne sauraron ƙasa. Narkakken dutse ba ya tasowa a ɓoye. Dole ya fasa dutsen da ke samansa, wannan ke haifar da ƙananan girgizar ƙasa bi da bi, kuma na'urori suna nuna zurfin kowace ɗaya, har a ga suna hawowa sama kwana bayan kwana. Dole ya nemi wurin zama, sai ƙasa ta kumbura da 'yan santimitoci, tashoshin GPS da radar tauraron ɗan'adam su kama. Yana tasowa matsi na raguwa, sai ya saki iskar kabon dayoksaid da ta farar wuta, a auna su a ƙasa da rijiyoyi. Hukumar taswira ta Sifaniya, IGN, ita ke da alhakin sa ido tun 2004, cibiyar binciken aman wuta ta tsibiran, INVOLCAN, tana nata aune-aunen, kuma shirin gaggawa na PEVOLCA yana sanar da jama'a da launi huɗu: kore, rawaya, ruwan lemo, ja. A Lanzarote ma akwai na'urorin bincike a cikin kogon Cueva de los Verdes da cikin gandun kansa. Mutanen wancan zamani ma sun ji alamun da jikinsu, domin an yi shekaru ana jin girgiza da rugugi kafin 1730, haka kuma kafin 1824.

La Palma ta 2021 ita ce ma'auni mafi kusa na yadda abin zai iya kasancewa. Tun Oktoba 2017 ake samun girgiza mai zurfi jefi-jefi. Ranar 11 ga Satumba 2021 sai suka ɓarke da dubbai, suna matsowa sama, ƙasa ta kumbura da kimanin santimita 15. Ranar 13 aka ɗaga alama zuwa rawaya. Ranar 19 ƙasa ta tsage a gangaren tsaunin Cumbre Vieja, a wurin da babu wani tudu a da. Kwana 85 aka yi, har 13 ga Disamba. An kwashe mutum kusan 7,000, narkakken dutse ya rufe hekta 1,200 da ɗoriya, gine-gine kusan 3,000 suka salwanta, unguwar Todoque ta shafe da cocinta. Darasi biyu ke ciki. Gargaɗi na ƙarshe kwana takwas ne kacal, ya isa a ceci rayuka amma bai isa a ceci gida ba. Sannan alamar tana kan rawaya lokacin da ƙasa ta tsage, wato masana na iya cewa abu na zuwa, su kuma nuna yankin, amma sa'a da ainihin wurin suna wuyar faɗa. Bayan wutar ta mutu ma ba a huta ba: garuruwan Puerto Naos da La Bombilla sun daɗe a rufe saboda kabon dayoksaid da ke taruwa a ɗakunan ƙasa da gareji, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, ta kuma fi iskar shaƙa nauyi.

Ga baƙon kwana ɗaya, ma'anar wannan mai sauƙi ce. Haɗarin aman wuta ya rutsa da shi a cikin bas ba tare da wata alama ba ƙanƙani ne ƙwarai. Abin da ya fi kusa da shi shi ne ƙunar rana, ƙishirwa, da yankan dutse a ƙafa.

Yadda za a tsara ranar

Duk wannan bayani da tikitin bai bayar ba ana samun mafi yawansa kyauta, 'yan kilomitoci kaɗan daga ƙofar, a cibiyar baƙi ta Mancha Blanca. Akwai taswirar tsibiran, bayanin na'urorin sa ido, gadar katako da ke shiga kan filin dutsen, da wani ɗaki a ƙasa inda ake kwaikwayon rugugin amai. Yawancin mutane wuce ta suke yi, hidimar tikitin kuma ba ta tura su can. A ganinmu wannan ne gibi mafi girma a tsarin. Tun da safiya ta layin ƙofa ce, a shiga gandun da farko, a fito a wuce Mancha Blanca kai tsaye tun abin da aka gani bai dushe ba, a ba ta awa guda.

Bayan nan a taka ƙasar da ƙafa, domin ta gilashi ba a gane ta. Volcán del Cuervo, a gefen hanyar LZ-56, shi ne bakin farko da ya buɗe a 1730. Yana wajen iyakar gandun, shiga kyauta ne, zagayensa kimanin kilomita 4 a shimfiɗaɗɗiyar hanya, kuma ana shiga har cikin ramin ta inda bangonsa ya fashe narkakken dutse ya fita. A jikin duwatsun hanya ana ganin ƙananan korayen ƙwayoyin ma'adinin olibin da suka taso daga can ƙasa. Tsallaken titin akwai Montaña Colorada, ɗaya daga bakunan ƙarshe, da wani dunƙulen dutse da ya fi mutum biyu tsawo yana zaune a fili. Mai ƙarfin gwiwa ya hau Caldera Blanca, tsohon tudu da ya riga 1730, wanda narkakken dutse ya kewaye bai rufe ba. Faɗin bakinsa ya haura kilomita ɗaya, tafiyar kusan kilomita 10 ce zuwa da dawowa, awa uku zuwa huɗu, kuma daga samansa ne jerin tudun kan tsaga ke fitowa sarai. Iskar bakin ramin tana da ƙarfi, ranar da take kaɗawa sosai a haƙura da zagaye shi.

A cikin gandun kansa akwai tafiyar Tremesana, kimanin kilomita 3 tare da jagoran gandun, kyauta, cikin ƙaramin rukuni. Ita ce hidima mafi inganci a duk wurin, domin a nan ne ake iya yin tambaya a samu amsa daga wanda ya sani. Sai an yi rajista a shafin gandunan ƙasa na Sifaniya, guraben kaɗan ne, suna cika makonni kafin ranar, ba a kuma karɓar ƙananan yara.

Takalmi ya zama rufaffe mai kaurin ƙasa, domin filin da mutanen wurin ke kira malpaís tarin gutsattsarin dutse ne masu kaifi, yana cin roba, silifa ba ta kai ko'ina. A riƙe ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu ga kowane mutum, hula mai igiya, da riga mai tare iska ko da rana na dukan ƙasa, saboda kan tudu akwai sanyi. Kada a bar hanyar da aka shata. Abin da ke kama da daɓe mai ƙarfi wani lokaci rufin kogo ne da kaurinsa bai wuce tafin hannu ba, in ya rufta da mutum gefunansa suna yanka. Lambar gaggawa 112 ce.

Wanda ya rage da lokaci ya biyo ta La Geria a hanyar dawowa. Tsakuwar 1730 ta binne gonakin nan, wani wuri da kaurin mita biyu ko fiye. Manoma suka gano cewa tana shan raɓa tana kuma hana ƙasar da ke ƙarƙashinta bushewa, sai suka riƙa haƙa rami mai faɗi har su cim ma tsohuwar ƙasa, su dasa kurangar inabi ɗaya a gindinsa, su gina rabin da'irar katangar dutse ta gefen da iska ke fitowa. Ramukan sun kai dubbai, kuma duk aikinsu da hannu ake yi, domin tarakta ba ta shiga. Ana iya tsayawa a gefen hanyar LZ-30 a duba ɗaya daga kusa, amma gonakin masu su ne, ba a sauka cikin ramin, don tsakuwar gefensa tana zubewa ta binne kurangar.